Ranar da Na Turara Butar Madam Lin

Duk ranar Juma'a da la'asar sai na ga ayarinku, ku 'yan gida mazauna garin nan, kun shigo shagonmu, kowa da waya a hannu. Wannan ya ce ya gani a bidiyo, waccan ta ce a ɗauke ta hoto tana tsiyaya shayi daga 'yar buta. Makon jiya wani ɗan Kano mai karatun injiniya ya zauna ya zuba mini ido na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Anti Hajara, wallahi ke kam kin samu hutu. Ganye da ruwan zafi, khalas." Na ce haka ne ɗana. Na tura masa kwanon tangaran mai murfi da muke koya wa baƙi da shi, na ce bismillah. Kofi ɗaya bai cika ba murfin ya zame, ruwan ya sauka a yatsunsa, ya miƙe yana yarfa hannu yana salati. To tunda hutu kuka kira shi, ku gyara zama in gaya muku yadda na shige shi.

Ni mutuniyar Potiskum ce, uwata Babarbariya. Raino ya kawo ni Doha, na biyo iyalin wani likita ɗan Zariya da ke zaune a unguwar Al Thumama. Da suka tashi komawa gida, matar likitan ta nemo mini aikin shara da wanke-wanke a wani ƙaramin shagon shayi da ke lungun bayan kasuwar Souq Waqif, aka mayar da kafil ɗina can, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar. Mai shagon wata dattijuwa ce 'yar ƙasar Sin, gajeriya, siririya, kanta fari fat, ana kiranta Madam Lin. Turancinta guntu-guntu ne, nawa ya fi nata lalacewa, Larabcinmu kuma na kasuwa ne, daga yalla, wato maza, sai khalas, wato shi ke nan, sai shuwayya, wato kaɗan-kaɗan. Da wannan muka yi shekaru, kuma ban taɓa kasa gane faɗanta ba.

Ranar da na fara aiki na ɗauko soso da sabulu na nufi kantar da aka jera butoci. Kusan talatin ne, dukansu na yumɓu, babu wadda ta fi dunƙulen hannuna girma. Na leƙa cikin guda na ga ta yi baƙi, na ce a raina matar nan da ganinta tsaf-tsaf ashe ƙazama ce. Ban kai ga tsoma ta a kumfa ba na ji an damƙe wuyan hannuna. Ban san tsohuwa na da irin wannan ƙarfin ba. Ta karɓe butar, ta nuna mini kofunan tangaran ta ce waɗannan da sabulu, ta nuna butocin yumɓu ta girgiza kai har sau uku. Daga baya ta yi mini bayani da hannu da baki: yumɓun nan ba a shafe shi da komai ba, yana shan abin da aka zuba masa. Baƙin da na gani shayi ne na shekaru ya kwanta. Ruwan zafi kaɗai ake ɗauraye ta da shi, a goge bayanta da tsumma mai laushi, a ajiye ta baki buɗe, murfi a gefe, har ta bushe. Wannan bai ba ni wuyar ganewa ba, domin na tashi a gidan da ake shan ruwan randa.

Wata shida ina wanke-wanke ina kallo. Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Akwai tiren katako mai ramuka, ruwan da aka zubar ya bi ta ƙasa ya taru. Akwai cokalin gora na ɗibar ganye, don ba a sa hannu, da matsefin gora na ɗaukar kofi mai zafi. Akwai ƙaramin jug da ake juye shayin duka a ciki kafin a raba, saboda na farkon fita daga buta ya fi na ƙarshe tsarwa, idan ka zuba kai tsaye wani baƙo zai sha ruwa wani ya sha ɗaci. Kofunan kuwa kurɓa uku ne. Sai ruwa. Ruwan famfon garin nan daga teku aka tace shi, Madam ta ce ba shi da baya, wato yana wucewa bai bar komai a maƙogwaro ba. Na gora take saye, iri ɗaya tak, kuma in aka kawo wani iri ko da kuskure ne, kurɓa ɗaya take yi ta kira direban da ya kawo.

Da ta ga na daina fasa kofi sai ta zaunar da ni gaban tire, amma ba ta ba ni buta ba. Kwanon nan mai murfi ta ba ni, wanda ya ƙona ɗan Kano, sunansa gaiwan. Mako biyu ina tsiyaya ruwan sanyi da shi, babban yatsa da na tsakiya a leɓen kwano, manuniya a kan murfi, a bar 'yar kafa da ruwa zai fita ganye ya tsaya. Sannan aka koma ruwan zafi. Yatsuna sun yi bororo sun fashe sun warke. Duk wanda ya zo mini yau ya ce yana son fara shan shayin Sin, abin da nake gaya masa ke nan, ko ransa bai so ba: ka bar buta tukuna. Tangaran ba ya riƙe komai, yau ka dafa wannan ganye gobe wancan, har ka gane wanda bakinka ke so. Ranar da ka sha iri ɗaya wata uku bai gundure ka ba, sai ka zo mu zaɓa masa buta, domin buta ɗaya shayi ɗaya take bauta wa har ta fashe.

Mu a gida mun saba a ɗora shayi a wuta ya yi ta tafasa da citta da kanumfari da masoro har ya yi kauri, a zuba sukari da madara. Ba na raina shi, har gobe shi nake karyawa da shi. Amma nan ba a dafa ganye. Za ka fara ɗumama buta da ruwan zafi ciki da waje, ka zubar. Ka zuba ganye da yawa, wani har ya kai sulusin buta. Ruwan farko wanka ne, ana zubawa ana juyewa, ba a sha. Na biyu shi ne shayi, kuma ba a duba agogo, numfashi ake ƙirgawa. Madam ta koya mini biyar a zubin farko, a ƙara biyu ko uku a kowane zubi na gaba, har sau bakwai ko takwas daga ganye ɗaya, kowane zubi da ɗanɗanonsa. In wani ya yi maka magana ka juya ka amsa, numfashi huɗu sun wuce, shayin ya yi ɗaci, kuma baƙon da ya sani zai ajiye kofin kawai. Farkon zamana a tire ina zuba wa wasu 'yan Sin sai na ga suna ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. Raina ya ɓaci, na ce ni ba jaka ba ce da za a riƙa buga mini tebur. Sai da Madam ta gama dariya ta ce godiya suke yi, bakinsu ne cike da shayi.

Zaɓen buta ma aiki ne. Za ka cika ta da ruwa ka tsiyaya, ka ga ko ruwan na fita a miƙe ko yana bin haɓa. Kana cikin tsiyaya ka toshe 'yar hudar murfi da yatsa. In ruwan ya tsaya cak, murfin ya zauna daidai. Ka shinshina cikinta, ƙasa kawai ya kamata ka ji, in ka ji fenti ko man goge takalmi ka ajiye. A shekarata ta biyu wani malamin jami'a ɗan Katsina ya sayi wata ja mai kyau, bayan mako biyu ya dawo da ita a leda, fuska a murtuke.

"Hajiya, butar nan taku akwai matsala. Wani ƙarni take yi."

Na buɗe na shinshina. "Malam, me ka zuba mata?"

"Shayi mana. Sai dai na ɗan sa madara da citta, kin san mu ba ma iya shan abu salam."

Ranar na manta cewa malami ne. Na wanke shi tas, na ce yumɓu ba kofin silba ba ne, abin da ka ba shi shi zai riƙa mayar maka. Ya sunkuyar da kai yana "to, Hajiya, to." Madam tana gefe ba ta jin Hausa amma tana gyaɗa kai, ni kuwa kaina ya kumbura, ina jin na zama gwana.

Akwai buta ɗaya da ba ta kan kanta. Tana cikin akwatin katako mai shimfiɗar ƙyalle, a kabad ɗin bayan tire. Girmanta bai fi gwaiba ba, launinta na busasshen dabino, tana wani sheƙi mai sanyi wanda hannu da shayi kaɗai ke sawa. Ta mahaifin Madam ce. Tun kafin ta yi aure yake zuba mata shayi iri ɗaya, wanda suke kira shayin dutse, ganye ne baƙi da ake gasawa a kan gawayi. Da ya rasu ita ta ci gaba, kullum da safe kafin a buɗe shago. Ba a sayar da shayin cikinta, ba a ba baƙo. Wata safiya ta zuba mata zallan ruwan zafi babu ganye, ta jira, ta tsiyaya mini a kofi. Na kurɓa na ji shayi, da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe. Ta ce, "Shekara arba'in da wani abu ke nan kike sha." Sai a shekarata ta uku ta yarda na fara ɗauraye ta, kuma tana tsaye a kaina.

A shekarar ne korona ta zo. Madam ta tafi gida bikin sabuwar shekararsu da niyyar mako uku. Tun da ta kawo butar Doha ba ta sake tafiya da ita ba don tsoron kayan jirgi, sai ta damƙa mini makullin kabad ta ce in riƙa zuba mata shayi kowace safiya, kada ta yi ƙishi. Tana can aka rufe hanya. Na riƙe shagon ni kaɗai na wasu makonni, sai aka ce mu ma mu rufe. Ranar na riga na yi shayin safe, na ɗauraye butar, sai direban motar ma'aikata ya leƙo yana yalla yalla, ya ce in ban fito ba zai tafi ya bar ni. Na san dokar, na faɗa muku ita ɗazu da bakina: baki buɗe, murfi a gefe. Amma hankalina na kan mota. Na kifa mata murfi da danshinta, na sa ta a akwati, na kulle kabad, na kashe na'urar sanyi, na ja ƙofa. Na zaci kwana goma ne.

Watanni muka yi a masaukinmu na Al Wakrah. Lokacin da aka ba da izinin buɗewa an shiga zafin nan mai gumi wanda gilashi ke zufa. Butocin kan kanta lafiyarsu ƙalau, ƙura ce kawai. Da na buɗe akwatin katako na ɗaga murfi, sai na ga ɓarna. Fumfuna ta yi fari-fari a ciki, ga wari irin na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti. Na ɗauraye da tafasasshen ruwa ya fi sau goma, na goge da burushi mai laushi, na shanya. Farin ya tafi, warin ya ragu amma bai bar ta ba. Da yamma Madam ta kira ni ta bidiyo, ta ce an buɗe musu hanya, in ta gama zaman killacewa za ta shigo shago. Ta tambayi shago, ta tambayi lafiyata, sannan ta ce, "Butar fa?"

Na ce, "Lafiya lau, Madam."

Kunya ce ta sa ni ƙarya, ba wani abu ba. Matar da ta ba ni makullin da ko ɗanta ba ta ba, in ce mata na rufe butar ubanta da ruwa saboda direba?

A gidanmu idan randa ta yi warin ajiya, uwata ba ta tsayawa dogon tunani. Ta wanke ta, ta sa garwashi a kasko, ta barbaɗa kajiji da ɗan ƙaro, ta kife randar a kai har hayaƙi ya cika ta. In aka zuba ruwa, duk wanda ya sha sai ya tambayi wace ce matar gidan. Babbar karramawa ce a wajenmu a ba baƙo ruwan randar da aka turara. Kuma ƙamshin ba ya zama, kwana uku huɗu ya gushe, sai an sake. Ina da kajiji da ƙaro a akwatina, ba na rabo da su. Na zauna na yi lissafina: hayaƙi ba madara ba ne, ba sabulu ba ne, ba a zuba shi. Shayin dutse kansa a kan gawayi aka gasa shi, hayaƙi zai je ya tarar da ɗan'uwansa. Zai kore warin, ya bar ɗan ƙamshi na maraba, kafin mako ya fita. Wallahi har daɗi na ji da dabarar ta zo mini. Ni da na wanke malamin jami'a a kan citta, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Da safe na kunna gawayi ɗaya a kasko a bayan shago, na barbaɗa turaren, na kife butar a kan 'yan tsakuwoyi uku, murfin ma na kara shi. Ban yi da ƙwauro ba, sau biyu na ƙara. Da na ɗauke ta na shinshina, babu wari ko kaɗan. Ƙamshin ɗakin uwata ne sak. Na mayar da ita akwati ina murmushi ni kaɗai.

Ranar da Madam ta dawo ta rame, ta ƙara tsufa. Ko jakarta ba ta ajiye da kyau ba ta zauna gaban tire ta ce in miƙo akwatin. Ta shafa butar da tafin hannu kamar yadda ake shafa kan jariri. Ta zuba ruwan ɗumamawa, tururi ya tashi, sai na ga hannunta ya tsaya a sama. Ni ma daga inda nake tsaye na ji shi, kuma ya ninka yadda yake a bushe. Ta zubar, ta sa ganye, ta yi masa wankan farko, ta ƙirga numfashinta, ta tsiyaya, ta kurɓa. Ta daɗe da shi a baki kafin ta haɗiye, ta ajiye kofin a hankali.

"Hajara. Me ya shiga butar nan?"

Na faɗa mata duka, daga direba har fumfuna har ƙaryar da na yi a waya. Ta ce in kawo abin ta gani. Na kwance ƙullin kajijin, ta ɗauki ɗaya ta shinshina.

"Yana da daɗi," in ji ta. "Na tukunyar ruwa ne?"

"Eh, Madam. A wajenmu girmamawa ce."

"Na gane." Ta ajiye kajijin. "Fumfuna ba komai ba ce. Kwana goma na ruwan zafi da iska, khalas. Da kin faɗa mini."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na rasa inda zan sa idona.

Abin da ban lissafa ba shi ne randa ruwan sanyi take ɗauka, kuma cikinta yumɓu ne tsirara. Wannan kuwa cikinta shimfiɗe yake da shayin shekaru, ƙaro kuma maiƙo ne da shi. Hayaƙin ya samu wurin kamawa ya kama, duk sa'ar da zafi ya taɓa shi sai ya farka. Mako uku muna fama. Mun ɗauraye safe da yamma, mun cika ta da busasshen ganye mun bar ta kwanaki, mun jiƙa ta cikin shayin dutse mai kauri. Kowace safiya Madam ta zuba ruwan zafi ta kai hanci, ta girgiza kai. Hanya ɗaya ta rage, kuma mu duka mun san ta, domin ita ake bi da tsohuwar butar da ba a san tarihinta ba: a tsoma ta a tukunya a dafa ta a hankali, a sauya ruwa a sake, har ta saki duk abin da ta sha. Sai dai ruwa ba ya zaɓe. In ya cire hayaƙina, zai cire shayin mahaifinta tare da shi. In aka bar ta kuma, shayin na nan amma babu mai sake jin sa sai ta cikin kajiji.

Madam ta mayar da butar akwati ta koma shan shayin safe a gaiwan. Ba ta sauya mini fuska ba, ba ta hana ni zama gaban tire ba, kuma hakan ya fi komai ci mini rai. Kullum in na buɗe kabad don ɗauko ganye sai na ga akwatin. Wata ranar bayan baƙi sun ragu na same ta na ce, "Madam, in kina so in tafi, ki sa mini hannu in nemi wani kafil. Ba zan ga laifinki ba."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Ki tafi? To wa zai dafa ta? Ni ba zan iya ba." Ta koma kan ganyen da take tsincewa. "Jibi da safe. Ki sayo sabuwar tukunya, wadda mai bai taɓa ba."

Na sayo ta a cikin kasuwa, na wanke da ruwa zalla. Da safe kafin a buɗe shago na shimfiɗa farin ƙyalle a gindin tukunyar don kada butar ta riƙa bugun ƙarfe. Na kwantar da ita, murfin a gefe, na zuba ruwan gora mai sanyi har ya shanye ta, na kunna wuta ƙasa-ƙasa, domin yumɓu in ya ji zafi farat ɗaya tsagewa yake yi. Na zaci Madam za ta fita, ko ta zauna a ɓangaren gaba na shago. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da murhu, hannuwa a cinya.

Da farko ruwan fari ne. Da ya fara 'yan ƙwayoyi sai ya ɗauki rawaya-rawaya, kajiji ya cika ɗakin. Na ji kamar in nutse. Aka jima launin ya koma ja, ya koma ruwan ƙasa, farin ƙyallen ya rine. Can sai wani ƙamshi ya fara ɓullowa ta ƙarƙashin turaren, mai nauyi, irin na gasasshen ganye da jiƙaƙƙen dutse. Na san shi, shi na sha ranar da ta ba ni zallan ruwa. Na saci kallonta, idonta a rufe. Mun fi awa ɗaya a haka, muna jin ƙarar 'yan dako da ke tura baro a lungu.

Da lokacin sauya ruwa ya yi na kashe wuta, na jira ya ɗan huce, na tsamo butar da matsefin gora na ɗora a tsumma. Sheƙinta ya dushe, ta yi fari-fari kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba. Na naɗe hannuwan tukunyar da ƙyalle na ɗaga na nufi wurin wanke-wanke.

"Tsaya."

Na tsaya da tukunya a hannu. Ta tashi ta je gaba ta dawo da ƙaramin kofi ɗaya da cokalin gora. Ta ɗebi ruwan dahuwar ta cika kofin. Na ce, "Madam, wannan ai dauɗa ce, kada ki sha." Ba ta ko kalle ni ba. Ta koma kujerarta, ta riƙe kofin da hannu biyu, ta shinshina, ta kurɓa sau uku kamar yadda ake shan shayi na gaske, tana barin kowace kurɓa ta zauna a baki. Hawaye na zubo mini, hannuna duka biyu na riƙe da tukunya, ban samu na sharewa ba.

"Yana ciki," in ji ta. "Naki a sama, na babana a ƙasa. Amma yana ciki."

Ta miƙo kofin na karkata tukunyar ta sake ɗiba. Ta shanye wannan ma har ƙasa, ta kife kofin a kan tsumma, ta goge bakinta da bayan hannu.

"To, yanzu zubar."

Na zubar. Tana tsaye a gefena har ruwan ya gama bin rariya.